Yadda Maijego Za Ta Koma Shimfiɗar Miji Lafiya

A ƙauyukan Kano da Jigawa, da zarar maijego ta yi arba'in ta dawo daga wankan gida, sai a ɗauka komai ya koma daidai, alhali jiki ba ya bin lissafin kwanaki. Ɗaukewar jinin biƙi tana halatta kusantar miji, amma ba ita ce shaidar cewa ƙarin da aka yi wajen haihuwa ko ɗinkin tiyata ya warke ba. Saboda haka ki fara zuwa asibiti a mako na 6 domin a duba ki, ko da a gida ungozoma ta karɓi haihuwar.

Abin da ya fi damun mata, kuma kunya ta hana su faɗa, shi ne bushewar gaba da zafi lokacin saduwa. Shayarwa ce ke rage sinadarin da ke jiƙa wurin, wani lokaci har sha'awar ma ta ragu, don haka ba ƙin miji ba ne. Ku tsawaita wasa, ku yi a hankali, sannan ki nemi man santsi mai ruwa-ruwa a kemis. Kada ki yarda da cusa alif ko ƙulle-ƙullen matsi, komai yabon da dillaliya za ta yi musu, domin suna ƙara busar da wurin, su kuma jawo rauni da ƙwayoyin cuta. Matsin da ke da amfani shi ne ki riƙa tsuke tsokar da kike riƙe fitsari da ita na ɗan lokaci, ki saki, sau da yawa a yini.

Macen da ta kwana tana jijjiga jariri, ta wayi gari da daka da ɗebo ruwa, ga fargabar kwanika ko ta kishiya, da wuya ta sake. Ki zaɓi lokacin da maigida yake cikin natsuwa ki gaya masa halin da kike ciki, shi ma ya rage miki hidima. Ku tattauna tazarar haihuwa tun da wuri, domin shayarwa tana hana ciki ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba.

Idan baƙin ciki da yawan kuka suka wuce mako 2, ko kika ga zazzaɓi, ruwa mai wari ko zubar jini bayan saduwa, ki koma asibiti ba tare da jinkiri ba. Mai yoyon fitsari kuwa ana yi mata aiki a asibitin Jahun da ke Jigawa da asibitin Murtala na Kano.