Sabon zuwa Legas, duba abin da kake zuba wa cikinka

Maganar wurin kwana ba sai na ja ta ba. Ka sauka Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, ka gaida manya, mutanenmu ba sa barin baƙo ya kwana a titi. Danfo kuwa, motar hayar Legas, da kanta za ta koyar da kai.

Ciki ne abin ji, ɗan'uwa. A gida ka saba da kokon gero, fura da rana, tuwon dawa da dare. Kana zuwa nan sai burodin Agege da safe, Indomie wajen mai shayi, Gala a cikin gosulo, tuwon semo da dare. Duk alkama ce. Yawancin mutane ba ta yi musu komai. Amma akwai wanda jikinsa ba ya shiri da gulutin, sinadarin da ke sa ƙullin fulawa danƙo, yana cikin alkama da sha'ir. Mafi tsananinsa cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Tana lalata bangon ƙaramin hanji, a ci abinci amma jiki bai amfana ba. Sai kumburin ciki, zawo ya tafi ya dawo, kasala, ƙarancin jini, rama.

Abin haushin, ba mai kawo burodi a ransa. Taifot ne, olsa ce, ruwan Legas ne, wani ma ya ce jifa ne. Akwai wani yaro ɗan dako a layinmu, ya sha maganin kemis har ya gaji, ya koma agbo, jiƙon gargajiya na Yarbawa. Kullum da asuba zan tarar da shi a bencin mai shayi, hannu ɗaya dafe da ciki, ɗayan yana tsoma burodi a kofi.

In ciwo ya ƙi tafiya, je asibiti. Akwai asibitocin koyarwa, LUTH na Idi-Araba, LASUTH na Ikeja. Ka zayyana wa likita abin da kake ci, akwai gwajin jini. Kada ka yi wayon barin alkama kafin gwajin, don sakamako zai iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan.

In an tabbatar, ba za ka kwana da yunwa ba. Amala, teba, sakwara, tuwon shinkafa, masara, gero, dawa, acca, duk ba gulutin. Gurasa da taliya da alkaki kam sai haƙuri, lemon malt ma da sha'ir ake yinsa. Ko masa za ka saya, tambayi mai tuyar ko ta zuba fulawa a ƙullin.