Darasi na 7: Me ke sa ma'aikata barin aiki, kuma ya za a riƙe su?

Duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ko biyu ne ko ɗari biyu, wannan darasin nasa ne. Ma'aikaci in ya ajiye aiki ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana tafiya da abin da ya iya, wani lokacin har da kwastomomin da suka saba da shi, kai kuma ka koma neman sabo, kana koya masa yana ɓata kaya kana biyansa albashi, sai an ɗau watanni kafin hannunsa ya faɗa.

Mu fara da lissafi. In kana da ma'aikata 20, mutum 5 suka tafi cikin shekara, raba 5 da 20 ka ninka da 100, ka ga kashi 25 cikin 100 kenan. Rubuta naka duk shekara.

A 1913 masana'antar motoci ta Ford a Amurka tana da ma'aikata wajen 14,000, amma sai da ta ɗauki mutum sama da 50,000 a shekarar, saboda ana shiga ana fita. Aikin ne mai gundura, abu ɗaya kake ta ɗaurawa daga safe har yamma. A Janairun 1914 Henry Ford ya ninka kuɗin yini ya koma dala 5, ya rage awannin aiki daga 9 zuwa 8, nan take gudun ya ragu sosai. To kuɗi na da tasiri, kar wani ya ruɗe ka. Wanda wata ya ƙare bai ga albashinsa ba, ba da daɗin baki za a riƙe shi ba.

Sai dai fa kuɗin bai isa ba. Wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna a 1959 cewa albashi da yanayin wurin aiki ƙorafi suke kashewa, amma abin da ke sa mutum ya so aikin shi ne a yaba masa, a ba shi amana, ya ga yana gaba. Ni a ganina nan ne yawancin ogogi ke faɗuwa. Ka yi wa babban mutum tsawa gaban yaransa, ka ɗauko ɗan'uwanka ka ɗora a kansa bayan ya shekara biyar yana jiran ƙarin girma, ka hana shi hutu ranar da ɗansa ke kwance asibiti, wallahi tun ranar zuciyarsa ta bar wurin, takardar ce kawai za ta zo daga baya.

Shi ya sa kar ka jira sai ya zo sallama sannan ka ce me ya faru. Zauna da kowa shi kaɗai duk bayan wata uku, ka tambaye shi me ke damunsa, ka yi shiru ya gama, sannan ka gyara ko abu ɗaya ne ya gani da idonsa. Gyara a ɓoye, yabo a bainar jama'a. Alƙawarin da ba za ka iya cikawa ba kar ka ɗauka.

Aikin gida: rubuta sunayen mutum uku da ka sani sun bar aiki, da dalilin kowa, ka zo da su aji mu ware wanne kuɗi ne wanne wulaƙanci ne.