Yadda Ake Zaɓar Mazaunin Sanyaya Laftop Mai Ma'ajiya da Ƙofofin USB, da Yadda Ake Haɗa Shi

Mazaunin sanyaya laftop, wanda masu shagunan kayan kwamfuta ke kira kulin fad, faranti ne mai raga a samansa da fanka ɗaya ko fiye a cikinsa, ana ɗora laftop a kai domin iska ta riƙa bugun ƙarƙashinta. Wasu kamfanoni sun ƙara masa ayyuka, suka sanya masa ƙofofin USB uku ko huɗu, da ramin karanta memori, wani lokaci har da aljihun da ake zura faifan ajiya mai inci 2.5. Wannan tsari yana rage tarkace a kan tebur, sai dai duk waɗannan ayyuka ta waya ɗaya tak suke isa ga kwamfuta, kuma sau da yawa daga wannan wayar suke shan wuta. Yawancin matsalolin da masu irin wannan mazauni ke kuka da su daga nan suke tasowa.

Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a fara tabbatar da cewa laftop ɗin za ta amfana da fanka daga ƙasa. A kife ta a duba bayanta. Idan akwai tsage-tsagen shan iska, kamar yadda ake gani a yawancin kwamfutocin HP, Dell da Lenovo, to mazaunin zai taimaka, domin irin waɗannan suna zuƙar iska ta ƙasa ne su fitar da mai zafi ta gefe ko ta baya. Idan kuwa bayan a shafe yake, kamar MacBook Air mai firosesar M1 da ta fito a 2020, wadda ko fanka babu a cikinta, abin da iskar za ta yi kawai shi ne ta sanyaya jikin ƙarfen, kuma amfanin hakan kaɗan ne. Bayan haka sai a auna zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da manhaja irin su Core Temp ko HWMonitor, a yi aikin da aka saba yi mai nauyi na kusan rabin awa, a rubuta lambar da aka gani. Firosesa kan rage gudun aikinsa da kansa idan ya doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas domin kada ya lalace, kuma shi ya sa kwamfuta ke fara jan ƙafa a tsakiyar aikin haɗa bidiyo ko zane. Wanda kwamfutarsa ba ta wuce digiri 70 ko da ana ba ta wahala, ba sanyi yake buƙata ba, ƙaramin akwatin ƙofofin USB ya ishe shi, kuma ya fi arha.

Akwai abin da ya shafi yankinmu kai tsaye. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin da ake ciki take turawa, saboda haka a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, tasirinta ba zai kai na ɗaki mai na'urar sanyaya wuri ba. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke taruwa a haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita har ta toshe su. Laftop ɗin da ta yi shekara biyu ba a buɗe ta ba, mai gyara ta fi buƙata, ya share fankarta ta ciki ya sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen da ke zuƙe zafi. Babu mazaunin da zai tura iska ta hanyar da ta riga ta toshe.

Batun girma bai da wahala, a auna da incin allon laftop, 14 ko 15.6 ko 17, a zaɓi wanda ya yi daidai ko ya ɗan fi ta faɗi. Yawan fankoki kuma ba shi ne inganci ba. Babbar fanka ɗaya mai faɗin milimita 140 zuwa 200 tana juyawa a hankali ba tare da ƙara ba, ƙanana kuwa sun fi hayaniya, kuma ba su da amfani sai sun zauna daidai saitin tsage-tsagen shan iska. Wasu samfurori, kamar jerin NotePal U na kamfanin Cooler Master, suna da fankokin da ake cirewa a matsar da su inda ake so, kuma a ganina wannan ya fi fitilu masu launi da ake jawo hankalin mai saye da su, waɗanda babu abin da suke yi sai ƙara cin wuta.

Lissafin wuta

Nan ne ya kamata a fi natsuwa. A ƙa'ida, ƙofar USB 2.0 tana bayar da bolt 5 da miliamfiya 500, wato wat 2.5, ita kuwa USB 3.0 tana bayar da miliamfiya 900, wato wat 4.5. Idan mazaunin ba shi da adaftar kansa, da wannan ɗan abin za a ciyar da fankoki, da fitilu, da faifan ajiya, da duk abin da aka jona a ƙofofinsa. Faifan HDD mai inci 2.5 shi kaɗai yana iya neman abin da ya kusa amfiya 1 a daidai lokacin da yake tashi, domin injinsa sai ya yi yunƙuri kafin faifan ya kama juyawa. Idan wutar ba ta isa ba, za a ji yana ƙas-ƙas a ciki, ko ya bayyana a kwamfuta ya ɓace, ko kuma ya yanke a tsakiyar kwafin fayil. Mutane da yawa kan ɗauka faifan ne ya lalace alhali wuta ce ta gaza masa.

Saboda haka a karanta takardar da ke manne a ƙasan mazaunin da wadda ke jikin faifan, a tara adadin amfiyar da kowanne ke nema, a kwatanta da abin da ƙofar laftop za ta iya bayarwa. Idan jimillar ta wuce, sai a nemi mazauni mai ramin shigar wuta na daban, wanda ake jonawa da adafta mai bolt 5. Kada a sanya masa kowace irin adafta don kawai bakinta ya shiga ramin, domin mai bolt 12 tana iya ƙona shi tare da abin da ke jone a jikinsa. Faifan SSD ya fi sauƙin sha'ani a nan, tun da ba shi da injin da ke juyawa, yawanci ba ya cin wuta kamar HDD, kuma girgizar fanka ba ta damunsa. Cajin waya ta ƙofofin mazauni marar adafta ɓata lokaci ne, wayar za ta daɗe ba ta cika ba, fankar kuma ta rage gudu.

Amfani da adafta yana da nasa haɗarin a inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama. Laftop za ta ci gaba da aiki da batirinta kamar babu abin da ya faru, amma faifan da ke dogaro da wutar bango yana iya yankewa nan take, kuma idan ana cikin rubuta masa bayanai, fayil ɗin ko ma tsarin faifan baki ɗaya zai iya lalacewa. Mai inbata ko UPS sai ya jona adaftar a can. Wanda ba shi da su, gara ya zaɓi SSD ya bar laftop ta ciyar da shi, ya kuma rage abubuwan da yake jonawa a mazaunin.

Sai batun gudu. Mazaunai masu arha da yawa har yanzu USB 2.0 ne a cikinsu, wanda ya fito tun shekarar 2000, kuma a aikace ba ya wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa, ta yadda kwafin gigabait 50 zai ci fiye da minti 20. Wannan ya ishi linzami da kibod da firinta, amma ga ma'ajiya a nemi USB 3.0, wanda ya fito a 2008, ake kuma yawan gane shi da shuɗin harshen da ke cikin ƙofar. Dole ne ita ma ƙofar laftop da wayar da ke haɗa su su kasance na 3.0, in ba haka ba komai zai koma gudun mafi rauni a cikinsu.

Haɗawa da amfani

A cire mazaunin daga wuta kafin a zura faifan. A duba kaurinsa, domin faifai masu inci 2.5 suna zuwa da kaurin milimita 7 ko 9.5, manyan cikinsu har 15, kuma ba kowane aljihu ke ɗaukar mai kauri ba. A tabbatar bakin SATA, wato bakin da ke haɗa faifan da mazaunin, ya zauna daram ba tare da an tilasta shi ba. Bayan haka a jona adafta idan akwai, sannan a jona wayar USB kai tsaye a jikin laftop. Sabon faifai ba zai bayyana cikin jerin ma'ajiyoyi ba sai an buɗe Disk Management a Windows an shirya shi an yi masa fomatin, kuma a tuna fomatin yana share duk abin da ke kan tsohon faifai. Wajen zaɓar tsarin fomatin, mai amfani da Windows kaɗai ya zaɓi NTFS, mai yawo tsakanin Windows da Mac ya zaɓi exFAT, domin Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. A guji FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4.

A ajiye mazaunin a kan tebur ko wani abu mai tauri, domin katifa da darduma suna toshe inda fankar ke shan iska, sannan su cika ta da zare. Kafin a ɗaga laftop a tafi, a umarci kwamfuta ta saki faifan tukuna, kuma kada a motsa mazaunin yayin da HDD ke juyawa a cikinsa. Wannan ma'ajiya ba ta isa ta zama wuri ɗaya tilo da ake ajiye muhimman takardu ba, tun da hawan wuta ɗaya ko ɓarawo ɗaya zai iya tafiya da ita da kwamfutar tare, don haka a riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam. Idan linzami marar waya ya fara tsalle-tsalle bayan an haɗa komai, a cire ɗan abin karɓar saƙonsa na USB daga mazaunin a mayar da shi ƙofar da ke ɗaya gefen laftop, domin na'urorin USB 3.0 suna fitar da hayaniyar da ke shiga zangon gigahaz 2.4 da yake aiki da shi.

Bayan an gama haɗawa, a maimaita aikin nan mai nauyi da aka yi tun farko, a ɗaki ɗaya kuma a kusan lokaci ɗaya na yini, a kwatanta sabuwar lamba da wadda aka rubuta. Idan bambancin bai taka kara ya karya ba, a gwada matsar da laftop gaba ko baya har tsage-tsagenta su hau saitin fanka, a kuma ɗaga ƙafafun mazaunin na baya domin iska ta sami hanyar shiga. Shi ma faifan a duba zafinsa da manhajar CrystalDiskInfo, idan HDD ne kuma yana haura digiri 50 a kai a kai, to aljihun ba ya samun iska, gara a fitar da shi a sanya shi a akwatinsa na daban.