Yadda Ake Tattara Fasasshen Gilashi A Wurin Da Aka Aikata Laifi

1. Killace wurin, ka sa safar hannu, ka ɗauki hoton tagar ta ciki da ta waje kafin ka taɓa komai.

2. Tsaya ka karanta tsagewar, don nan ne masu gaggawa ke yin asara. Ramin da harsashi ya huda ya fi faɗi a ɓangaren da ya fita, ka ga ke nan ka san ɓangaren da aka harbo shi. In ramuka biyu ne, bi layukan tsagewar da ido. Layin da ya je ya tsaya cak a jikin wani layin, shi ne na harbi na biyu.

3. Gilashin da ya rage a jikin firam, rubuta masa "ciki" da "waje" kafin ka cire. Da zarar ka manta wannan, shi ke nan, ba gyara.

4. Tsince ƙananan ɓarɓashi da hantsaki mai bakin roba, na ƙarfe yakan karce su. Zuba su cikin kwalin da ba ya lanƙwashewa, kowane wuri da nasa.

5. Rigar wanda ake zargi da takalminsa, kada a kakkaɓe su, don ɓarɓashin gilashin da ya maƙale kada ya zube. A sa kowanne cikin jakar takarda daban, nesa da gilashin tagar.

6. Liƙe, ka rubuta rana, lokaci da sunanka, ka miƙa ɗakin gwaji. Can za a auna yadda kowane ɓarɓashi ke karkatar da haske, wanda ma'auninsa a gilashin taga yake kusan 1.52, a gwada da na tagar.