Zaɓen bijimin da zai ba ku karsanan gobe

'Yan uwa makiyaya, duk wanda yake neman bijimin da zai haifa masa karsanan da za su gaji tsofaffin shanunsa, ya fara duba uwar bijimin kafin ya duba girman tozonsa. A tambayi yawan nonon da take bayarwa da rani, da tazarar da ke tsakanin haihuwarta, a kuma kalli hantsarta da kyau, domin waɗannan halaye ne 'ya'yansa mata za su ɗauko.

A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, ni dai ina ganin Gudali ko Bunaji sun fi dacewa, saboda sun saba da rana da kaska da doguwar tafiyar kiwo. Jinin Holstein, wato shanun Turai masu yawan nono, yana ƙara nono ƙwarai, amma idan ya wuce rabin jinin karsana, takan wuni tana haki a inuwa, ta rage ci, ta yi jinkirin ɗaukar ciki, musamman inda babu wadataccen ruwa da dusa.

A sauya bijimi kafin 'ya'yansa su isa barbara, kada ya hau su jini ya raunana.