Yadda Za A Kare Gida Daga Gobara Da Gubar Gawayi

A gidajen haya na unguwar Nima da ke birnin Accra a ƙasar Ghana, inda ɗaki ɗaya kan zama wurin kwana da girki, kada a shigar da murhun gawayi a rufe ƙofa, ko da sanyin hunturu ya tsananta, domin garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma takan kashe mutum cikin barcinsa. Janareta ma a ajiye shi waje, nesa da taga. Wanda ya ji ciwon kai da jiri, a fitar da shi fili, a kai shi asibiti. In an ji warin gas, a rufe tukunyar, kada a taɓa makunnin lantarki. Idan gobara ta tashi, a fita a kira 192, lambar 'yan kwana-kwana ta Ghana.