Yadda Ake Kafa Lambun Kayan Miya a Bayan Gida

Kafin a sayi iri, a fara lura da tafiyar rana a filin da ake son shukawa, tun daga hantsi har la'asar. Kayan miya suna buƙatar rana ta aƙalla sa'o'i 6 a yini, don haka gindin mangwaro ko lungun da inuwar katanga ke rufewa tun kafin azahar ba zai yi ba, komai yawan takin da aka zuba masa. A duba nisan wurin da rijiya ko famfo, domin wanda zai riƙa jido ruwa daga nesa safe da yamma ba ya cika makonni uku bai gaji ba. Fili mai tsawon taku huɗu da faɗin taku uku ya ishi mai farawa.

Sai shinge, wanda a ganina ya fi iri da taki muhimmanci a gidan da ake kiwo. Akuya guda tana iya cinye aikin wata ɗaya kafin a idar da sallar la'asar, kaji kuwa tun iri bai tsiro ba suke tone shi. Dangar karan dawa ta wadatar idan an matse ta sosai daga ƙasa.

Daga nan a kafce ƙasa da fartanya zurfin taƙi guda ko fiye, a tsince duwatsu da leda da ɓaraguzan siminti, sannan a cakuɗa ta da takin gargajiya, kamar bokiti ɗaya ko biyu a kowane murabba'in mita. Wajibi ne takin ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kuma mutane da yawa sukan ga shukarsu ta yi yaushi su ɗora wa mai sayar da iri laifi. A tara kashin awaki ko na kaji a rami tare da busasshen ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har wata 2 zuwa 3. Idan ya nuna zai yi baƙi, ya daina wari, kuma in an damƙe shi sai ya marmashe a hannu ba tare da an ji ɗumi ba.

Da rani ana yin komi, wato a ɗan zurfafa tsakiya a tayar da gefe domin ruwa ya zauna, amma da damina kunya ake ja don kada ruwa ya kwanta wa saiwa. Wanda tsakar gidansa siminti ne ya cika buhu da ƙasa da taki, ya huhhuda gindinsa.

Zaɓen abin shukawa kuwa lokaci yake bi. Tumatir da albasa da latas da kabeji da karas sun fi yi da sanyi, shi ya sa masu noman rani a wurare irin su Kadawa ta Jihar Kano suke dasa tumatir bayan ɗaukewar ruwa. Zafin bazara yakan sa furensa ya zube, damina kuma ta jawo masa cututtukan ganye. Kuɓewa da yakuwa da rama da lalo sun fi son damina. Alayyafo ba ya zaɓe muddin akwai ruwa, kuma da shi ya kamata a fara, domin cikin makonni 4 zuwa 5 ake shiga tsinkarsa.

Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, saboda haka a gauraya ɗan tsunkule da tafi guda na yashi kafin a barbaɗa, in ba haka ba zai tsiro a cunkushe wuri ɗaya. Kuɓewa a jiƙa ta kwana guda, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, a bar tazarar kusan kamu ɗaya tsakanin ramuka. Tumatir da attaruhu da tattasai sai an rene su a ƙaramin komi, wanda ake iya lulluɓewa da tsohon gidan sauro. Tumatir yana isa dashe bayan makonni 3 zuwa 4, attaruhu yakan ɗan fi haka daɗewa. A yi dashen da yamma, a ciro kowane tsiro da ƙasar gindinsa, a ba shi ruwa nan take. Washegari da rana za a gan shi ya langaɓe kamar ya mutu, kada a tumɓuke shi, kafin kwana uku zai miƙe.

Ban ruwa da sassafe ne ko da yamma, a gindi, ba a kan ganye ba. Kafin a ƙara, a cusa yatsa cikin ƙasa, in da danshi a dakata. Ruwan wankin shinkafa da na alwala suna da amfani, amma ban da mai sabulu ko maiƙo. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka tana rage yawan ruwan da ake buƙata.

Maganin ƙwari na farko shi ne a riƙa juya ganye ana duba bayansa kowace safiya, a cire tsutsa da hannu. Idan sun yi yawa, a daka 'ya'yan dalbejiya, a jiƙa kwana guda, a tace, a fesa da yamma. Masu tumatir su kula da tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina a 2016. Tana shiga cikin ganye ne ta bar farin tabo kamar an kankare shi, kuma ganyen da aka ga haka a tsinke shi a ƙona.

Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin kusan wata 2, kuma a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, domin in ta ƙosa uwar takan rage haihuwa. Alayyafo a yanke shi a bar gindi ya sake toho. Bayan an cire tumatir kada a mayar da attaruhu ko yalo a wannan komin, domin danginsu ɗaya kuma cutarsu ɗaya. A sa wake ko albasa, tumatir ya koma wani komin.